Daga Sahuda zuwa Abuja: Wace ƙwaƙwalwar kwamfuta ce ta dace da ofishin gwamnati?

Sahuda gari ne a Ƙaramar Hukumar Mubi ta Kudu da ke Jihar Adamawa, a bakin iyakar Najeriya da Kamaru. Ta nan ne dubban 'yan Najeriya da rikicin Boko Haram ya kora suka dawo gida a shekarar 2015, kuma ta nan fatake da matafiya ke ƙetarawa har gobe. Aikin jami'an shige da fice da na kwastam a irin wannan mashiga aikin rubutu ne: suna, lambar fasfo, nau'in kaya da kuɗin fito. Gwamnati na mayar da irin wannan aiki kan kwamfuta.

Sai dai ba a bakin iyaka ake zaɓen na'urar da za a kai can ba. A Abuja ake zaɓenta, cikin takardar neman sayen kaya da wani ma'aikaci zai tsara, mataimaki ya duba, shugaba ya sa hannu. Layi guda a takardar, wanda ke bayyana ƙwaƙwalwar kwamfutar, wato furosesa, shi ne ke yanke tsadar na'urar da wutar da za ta sha da shekarun da za ta yi tana aiki.

Gida biyu, aiki biyu

Kamfanonin Intel da AMD na Amurka ne suka mamaye wannan kasuwa, kuma kowannensu ya raba hajarsa gida biyu. Na kwamfutar tebur su ne Core na Intel da Ryzen na AMD. Na babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, wadda ake kira saba, su ne Xeon, wanda Intel ya fara fitarwa a 1998, da EPYC, wanda AMD ya ƙaddamar a 2017.

Core i9-14900K, da ya fito a watan Oktoban 2023, yana da ƙwayoyin aiki 24, gudunsa kuma na kai wa GHz 6.0. EPYC 9654 na watan Nuwamban 2022 yana da ƙwayoyi 96, amma iyakar gudunsa GHz 3.7 ne. Na farko an sa masa farashin dala 589, na biyun kuwa dala 11,805.

Wanda ya dubi gudu kaɗai zai ce mai arhar ya fi. Wanda ya dubi farashi kaɗai zai ce mai tsadar ya fi. Duka biyun sun yi kuskure. Duk wanda ya san kasuwar shanu ta Mubi ya san ɗan acaɓa zai riga tirela isa tasha, amma ba zai kai garke kudu ba. Haka kuma babu mai ɗaukar hayar tirela don kai wasiƙa. Jami'in da ke shigar da bayanan matafiyi ɗaya bayan ɗaya yana buƙatar ƙwayoyi kaɗan masu sauri, domin yawancin manhajojin ofis ba sa iya raba aiki ga ƙwayoyi da yawa. Cibiyar da ke amsa tambayoyin ɗaruruwan ofisoshi lokaci guda ita ke cin moriyar ƙwayoyi 96.

Abin da lambar gudu ba ta faɗa

Bambanci mafi girma yana wajen ma'adanar wucin gadi ta RAM. Core i9-14900K na da hanyoyi biyu zuwa gare ta, kuma ba ya ɗaukar fiye da gigabait 192. EPYC 9654 na da hanyoyi 12, yana ɗaukar har terabait 6. Kazalika hanyoyin da ake jona faifan ajiya da katin sadarwa 20 ne a na farko, 128 a na biyu.

Sannan akwai batun amana. Saba na amfani da RAM mai fasahar ECC, wadda ke gano ƙaramin kuskure a bayanai ta gyara shi nan take. Wani bincike da aka wallafa a 2009 kan na'urorin kamfanin Google ya gano cewa sama da kashi 8 cikin 100 na sandunan RAM na samun irin wannan kuskure a shekara. A kwamfutar da ake buga wasiƙa, abin bai taka kara ya karya ba. A rumbun da ke riƙe da lambobin fasfo ko lissafin kuɗin fito, lamba ɗaya da ta sauya na iya tsare marar laifi ko ta ɓatar da kuɗin gwamnati.

Na uku shi ne kulawa daga nesa. Sabobin Dell da HPE na zuwa da tsarin iDRAC ko iLO, wanda ke ba injiniya damar kashe na'ura da kunna ta da duba lafiyarta ta intanet. Tsakanin Yola da Mubi tafiyar kusan kilomita 200 ce, don haka wannan dama ta fi ƙarin gudu daraja.

Wuta, zafi da ƙura

A nan ne yanayin Sahuda ke shiga lissafi. An tsara EPYC 9654 a kan wat 360. In yana aiki da cikakken ƙarfinsa dare da rana, shi kaɗai zai sha kilowat-awa 8.64 a kullum, ban da sauran sassan na'urar da na'urar sanyaya ɗaki. Idan aka ƙaddara awa biyar na rana mai ƙarfi, sai an ware masa faifan sola biyar masu wat 400, da baturan da za su riƙe shi har wayewar gari. Core i5-12400 mai ƙwayoyi 6 kuwa an tsara shi a kan wat 65, ƙaramin Intel N100 kuma wat 6 kacal.

Zafin bazara na Maris da Afrilu da ƙurar hunturu su ma abokan gaba ne. Furosesa in ya yi zafi fiye da ƙima yakan rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone. Saba mai tsada a ɗakin da babu sanyi, ga wuta na zuwa tana ɗaukewa, ba za ta ba da abin da aka biya ba. Muhallinta cibiyar adana bayanai ce irin ta Galaxy Backbone, kamfanin Gwamnatin Tarayya da ke Abuja.

Akwai kuma matsakaici. Xeon E-2400 mai ƙwayoyi har 8 da EPYC 4004 mai ƙwayoyi har 16 suna da ECC ba tare da shan wutar manyan ba. Irinsu ne suka dace da ofishin da ke son ƙaramar saba ta riƙe bayanai idan intanet ya katse. Tsarin ba baƙo ba ne: tun da JAMB ta koma jarrabawar kwamfuta gaba ɗaya a 2015, cibiya mai kujeru 250 na aiki ne da ƙananan kwamfutoci da ke karɓar tambayoyi daga sabar cikin gida.

Tarkuna biyu ga mai tsara takarda

Na farko lasisi ne. Tun daga Windows Server 2016, Microsoft na cajin kuɗi ne bisa yawan ƙwayoyi, mafi ƙaranci 16 a kowace saba. Wanda ya sayi ƙwayoyi 96 alhali 16 sun ishe shi zai biya lasisi ninki shida.

Na biyu tsofaffin na'urori ne masu babban suna. Xeon E5-2680 v4 na da ƙwayoyi 14, abin da ke da daɗin karantawa a takarda, amma na 2016 ne, kuma ba ya cikin jerin waɗanda Windows 11 ta amince da su. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025. Takardar da ta ce “Xeon” ko “Core i7” kawai, ba tare da cikakkiyar lamba da shekara ba, ta buɗe wa ɗan kwangila ƙofar kawo tsohon kaya a farashin sabo.

Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ta wajabta samun abin da ya cancanci kuɗin da aka kashe, kuma ana buƙatar hukumomi su nemi sahalewar NITDA kafin aiwatar da ayyukan fasahar sadarwa. Amma kafin takarda ta kai can, mai tsara ta ne ya kamata ya amsa tambayoyi huɗu: mutum nawa na'urar za ta yi wa aiki lokaci guda, awa nawa za ta yi a kunne, wace wuta ce za ta riƙe ta, kuma wa zai gyara ta idan ta tsaya. Amsar da za a samu ga ofishin bakin iyaka a Sahuda ba za ta zo ɗaya da ta hedikwata a Abuja ba, don haka bai kamata a haɗa su a layi guda na takardar kwangila ba.