Auna Samun Gidaje a Sabon Birni da Isa: Adadin Tsakiya da Iyakar Gaskiyarsa

Duk lokacin da gwamnati ko ƙungiyar agaji za ta raba tallafi tsakanin ƙananan hukumomi, tana buƙatar sanin abin da gida ke samu a shekara, kuma ma'aunin da masana ƙididdiga suka fi amincewa da shi shi ne adadin tsakiya, wato a jera gidajen yanki daga mafi ƙarancin samu zuwa mafi yawa, a ɗauki samun gidan da ya faɗo a tsakiyar jerin. An fifita wannan a kan tara kuɗin kowa a raba daidai, domin fatake kaɗan masu safarar shanu da hatsi zuwa Maraɗi suna iya ɗaga sakamakon rabon har gari ya yi kama da mai wadata, alhali adadin tsakiya ba ya gusawa don attajiri ɗaya ya ƙara dukiya.

Ba a bin gida-gida wajen samo wannan adadi, samfuri ake ɗauka. Binciken yanayin rayuwa da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar a 2018 zuwa 2019 ya tanadi gidaje 600 a kowace jiha, kuma shi ya nuna cewa kashi 87.7 cikin ɗari na mutanen jihar Sakkwato suna ƙasa da layin talauci na naira 137,430 ga mutum ɗaya a shekara. Sai dai idan aka raba gidajen nan ga ƙananan hukumomi 23 na jihar, kowacce ba za ta samu fiye da kimanin 26 ba, waɗanda ba su isa a yanke hukunci a kan Isa ko Sabon Birni ba. Binciken talauci mai fuskoki da yawa na 2022 ya sauko zuwa mazaɓar sanata, amma Sakkwato ta Gabas ta haɗa garuruwan nan biyu da wasu ƙananan hukumomi shida, irin su Illela da Wurno, waɗanda harkar samunsu ta sha bamban.

Saboda haka adadi ba ya zama cikakke sai an haɗa shi da tazarar kuskure, wato iyaka ta ƙasa da ta sama waɗanda ake kyautata zaton gaskiyar tana tsakaninsu. Hukumar ƙidaya ta Amurka tana buga adadin tsakiya na kowace gunduma tare da tazara mai tabbacin kashi 90 cikin ɗari, ma'ana da za a maimaita binciken sau ɗari, kusan casa'in daga tazarorin za su ƙunshi ainihin adadin. Matse tazarar yana da tsada, domin rage faɗinta da rabi yana buƙatar ninka samfurin sau huɗu. Akwai dabarar aro, wadda Fay da Herriot suka gabatar a 1979, inda ake tallafa wa ƙaramin samfuri da bayanan ƙidayar jama'a da na ma'aikatu, amma ƙidayar Najeriya ta ƙarshe ta 2006 ce, tun kafin rikicin 'yan bindiga ya tarwatsa ƙauyukan gabashin Sakkwato.

Ko tambayar kanta tana da wuya a garuruwan nan na ƙasar Gobir, inda manomi ke cin geron da ya noma bai taɓa mayar da shi kuɗi ba, inda amfanin gandu daban, na gayauna daban, kuɗin 'yan cin rani na zuwa jefi-jefi, ribar ƙuli-ƙuli da furar matan gida kuma sau da yawa maigida bai san yawanta ba. Dalilin da ya sa Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke auna abin da gida ya ci ya kashe maimakon abin da ya samu ke nan, tana kuma baza ziyarar cikin watannin shekara, domin amsar kaka ba ita ce ta tsakiyar damina ba.

Kuskure mafi girma kuwa ba ya bayyana a cikin tazarar ko kaɗan. Mai sayen hatsi da ya ɗebi na bakin buhu yana iya sanin buhun ne kawai idan na ƙasa daidai yake da na sama, kuma ƙauyukan da ma'aikacin bincike ba ya iya shiga su ne waɗanda 'yan bindiga suka ɗora wa haraji, aka kore musu shanu, aka hana su zuwa gona. Iyalan da suka tsere zuwa yankin Gidan Runji a jihar Maraɗi tun 2019 sun fita daga jerin gaba ɗaya, fitar matalauta daga jeri kuwa tana ɗaga adadin tsakiya ba tare da kowa ya ƙaru da ko kwabo ba. Hukumar ta yi abin da ya dace sa'ad da ta cire jihar Borno daga jimillar ƙasa a binciken 2018 zuwa 2019 saboda wuraren da ba a kai gare su ba, kuma duk rahoton da zai ambaci Isa da Sabon Birni ya wajaba ya faɗi gundumomin da aka shiga, da waɗanda aka tsallake, da watan da aka yi tambayar.