YADDA MASANA KE AUNA LAIFUFFUKAN YARA DA MATASA

Sau da yawa mukan ji ana cewa yaran zamani sun kangare, laifi ya yi yawa. To amma ta yaya za a tabbatar da cewa ya ƙaru ko ya ragu? Wannan tambaya tana da muhimmanci, domin da amsarta ne hukuma ke yanke shawarar ko ta gina gidan horon yara, ko ta ƙara makarantu.

Matakin farko shi ne a san wanda ake kira yaro mai laifi, domin dokokin ƙasashe sun bambanta. A Ingila ana iya gurfanar da ɗan shekara 10 a gaban kotu, a Jamus kuwa sai ya kai 14. Saboda haka, duk wanda ya kwatanta alƙaluman ƙasashen biyu ba tare da lura da wannan ba, zai yi kuskure.

Hanya mafi daɗewa ita ce duba littattafan 'yan sanda da na kotuna. Ƙasar Faransa ta fara wallafa ƙididdigar shari'o'inta a 1827, kuma da ita ne Adolphe Quetelet, wani masanin lissafi da taurari ɗan ƙasar Beljiyam, ya nuna cewa aikata laifi yana da alaƙa da shekarun mutum. Sai dai adadi kawai ba ya wadatarwa, dole a auna shi da yawan jama'a. Alal misali, a ce an kama yara 50 a garin da ke da yara 1,000, an kuma kama 200 a garin da ke da 20,000. A garin farko kashi 5 cikin ɗari ke nan, a na biyu kuwa kashi 1 kacal. Ashe matsalar ta fi tsanani a inda adadin ya fi ƙanƙanta.

Har ila yau, wannan hanya tana da babban giɓi. Ba kowane laifi ne ke kaiwa ofishin 'yan sanda ba. Wani a gida ake sasanta shi, wani ma ba a taɓa gano shi. Masana suna kiran wannan ɓoyayyen adadi. Bugu da ƙari, idan aka tura 'yan sanda da yawa wata unguwa, kame zai ƙaru ko da halin yaran bai sake ba.

Don cike wannan giɓi ne aka ƙirƙiro hanya ta biyu, wato a tambayi yaran da kansu abin da suka taɓa aikatawa, ba tare da rubuta sunayensu ba. A 1946 Austin Porterfield na jihar Texas ta Amurka ya wallafa bincikensa, inda ya gano cewa ɗaliban jami'a sun taɓa aikata irin laifuffukan da suka kai wasu yara kotu, illa dai su ba a gurfanar da su ba. Ita ma wannan hanya ba ta rasa aibi ba, domin wani yakan ɓoye, wani yakan manta, wani kuma yakan ƙara gishiri.

Hanya ta uku ita ce tambayar waɗanda aka cuta. Amurka ta fara irin wannan bincike na ƙasa baki ɗaya a farkon shekarun 1970, Birtaniya kuma a 1982. Rauninta shi ne wanda aka yi wa sata sau da yawa bai san ɓarawon ba, balle shekarunsa. Don haka ne masana ke haɗa hanyoyin uku, kowace ta rufa wa 'yar'uwarta asiri.

To, me waɗannan awo suka nuna? Na farko, laifi yakan hauhawa daga lokacin balaga, ya kai ƙololuwa kusa da shekara ashirin, sannan ya yi ta raguwa. Samari kuma sun fi 'yan mata shiga ciki nesa ba kusa ba.

Na biyu, laifi yakan taru a wasu wurare. A 1942 Clifford Shaw da Henry McKay suka nuna a taswirar birnin Shikago cewa unguwannin talakawa da ke kusa da tsakiyar gari sun ci gaba da zama kan gaba a laifin yara, duk da cewa ƙabilun da ke zaune a cikinsu sun yi ta sauyawa. Wato yanayin unguwa ne ke tasiri, ba jinin mazauna ba.

Na uku, yara ƙalilan ne ke aikata mafi yawan laifuffuka. A 1972 Marvin Wolfgang da abokan aikinsa suka wallafa nazarin yara maza 9,945 da aka haifa a 1945, waɗanda suka tashi a birnin Filadelfiya. Kimanin kashi 35 cikin ɗari sun taɓa shiga hannun 'yan sanda, amma yara 627 kawai, wato kashi 6 cikin ɗari, su ne suka aikata fiye da rabin laifuffukan da aka rubuta. Daga baya, a 1993, Terrie Moffitt ta bambanta rukuni biyu: masu yawa da kan yi ɓarna a lokacin samartaka su daina, da kuma 'yan kaɗan da kan fara tun suna ƙanana su ɗore har girma.

Amfanin wannan rarrabewa a fili yake. Idan aka tsare yaron da ya yi kuskure sau ɗaya tare da waɗanda suka ƙware, ana iya mayar da shi abin da ba shi ne ba. Shi kuwa wanda alamunsa suka bayyana da wuri, taimakon iyaye da malamai yake bukata tun yana firamare, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda haka, duk lokacin da ɗalibi ya ci karo da alƙaluman laifi, sai ya tambayi wanda ya ƙirga, da yadda ya ƙirga, da kuma yawan yaran da aka ƙirga a cikinsu.