Kafin a ƙara kuɗin shiga kara

Makiyayi da ɗan kasuwa, in kuna kai dabbobi Maigatari ko Illela, ku sani tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ɗora kasuwanni, tashoshin mota da mayanka a wuyan ƙaramar hukuma. Kansiloli ke yi musu doka.

Ajanda ita ce jerin abubuwan da za a tattauna. Ƙuduri kuwa shawara ce da kansila ya kawo, sai wani ya mara masa baya kafin muhawara. In kansilolin da suka halarta ba su kai adadin da doka ta sa ba, zama bai yi ba. Sai mafi rinjaye sun amince, ciyaman ya sa hannu, sannan a ce doka.

To, tun magana tana ƙuduri za ku tura shugabannin kara wurin kansila. Ranar da mai rasit ya tsaya bakin ƙofa, an makara.