Ba Kowane Jan Ido Ne Apolo Ba

A Jega, Aliero da Maiyama, da zarar ido ya yi ja yana kwantsa sai a ce Apolo ce. Amma tun da korona ta shigo Nijeriya ran 27 ga Fabrairu 2020, likitoci sun lura wasu masu kwance da ita idanunsu kan yi ja, su yi ta hawaye. Akwai 'yar kafa da ke kai hawaye daga ido zuwa hanci, ƙwayar cutar na iya bin ta.

Wanda ciwon ya tsananta har aka sa masa na'urar numfashi, sau da yawa idonsa ba ya rufuwa sosai, sai ya bushe har ya yi gyambo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauke matakin gaggawa a Mayu 2023, amma cutar tana nan. Saboda haka 'yan'uwa masu jinya da masu zuwa gaisuwa, a wanke hannu kafin a taɓa fuska. Kada a haɗa tawul ko kwalli. Kada a ɗiga ruwan albasa ko na sukari. In gani ya dushe, a garzaya wurin likitan ido a Birnin Kebbi, ko Asibitin Ido na ECWA a Kano.