Kifin da ke lasar gilashi

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban akwatin gilashi na kiwon kifi, wataƙila ya ga wani kifi mai duhun jiki manne da gilashin kamar tsaka a bango. Ana ce masa pleko. Dangin tarwaɗa ne, amma asalinsa kogunan Amurka ta Kudu. Bakinsa a ƙasan kai yake, da shi yake kankare gansakuka.

Mutane da yawa suna ɗauka sun samu mai shara kyauta, wai ba sai an ba shi abinci ba. Ina! Gansakukar ƙaramin akwati ba ta isarsa. In ka ga cikinsa ya lotsa, to yunwa ce. A yanka masa kokwamba ko kabewa da aka ɗan tafasa, a saka bayan magariba, don da dare yake kiwo. Da safe a cire ragowar kar ta ruɓe. Kuma shi kansa ya fi kowa ɓata ruwa da kashi, saboda haka kowane mako a canza rubu'in ruwan. Ruwan famfo sai ya kwana a bokiti tukuna. A sa masa guntun icce ko fasasshen tulu ya riƙa ɓuya.

Sai maganar girma. Wanda aka sayo kamar ɗan yatsa yana iya wuce santimita 30. In akwatin ya yi masa kaɗan, a nema masa babba, kar a sake shi a gulbi. A ƙasar Filifin irinsa sun shiga kogin Marikina, suka hayayyafa har masunta suka koka.