Yadda ake sa kwamfuta ta yi aiki da samfurin Python da ake so

A ofisoshi da manyan shaguna ana samun ma'aikatan da suka dogara da wata 'yar manhaja da aka rubuta da yaren Python domin tattara lissafin albashi ko ƙididdigar kayan da suka rage a sito. Sau da dama mutum zai saukar da sabon samfurin yaren, ya girka shi daidai, amma da zarar ya buɗe tagar umarni ya rubuta python, sai tsohon samfurin ya amsa. Manhajar ta ƙi tashi, ga shi wata ya ƙare, ana jiran takardar biya.

A mafi yawan lokuta babu abin da ya lalace. Kwamfuta ɗaya na iya ɗauke da samfura biyu ko uku na Python, kuma tana da ƙa'idar da take bi wajen zaɓen wanda za ta kira.

Me ya sa samfurin ke da muhimmanci?

Guido van Rossum, ɗan ƙasar Holan, ya fitar da Python a shekarar 1991. A watan Disamban 2008 aka fitar da Python 3, wanda ya sha bamban da Python 2 ta yadda manhajoji da yawa na tsohon ba sa aiki a kan sabon sai an gyara su. Daga ranar 1 ga Janairun 2020 aka daina kula da Python 2 baki ɗaya.

Ko a cikin Python 3 ma akwai bambanci. Umarnin match ya shigo ne a samfurin 3.10 a shekarar 2021, don haka manhajar da ta yi amfani da shi ba za ta tashi a kan 3.9 ba. Haka nan a samfurin 3.12 na shekarar 2023 an cire wani sashe mai suna distutils, abin da ke tsayar da tsofaffin manhajojin da suka dogara da shi. Ke nan wani lokaci sabon samfuri ake buƙata, wani lokaci kuma tsohon.

Yadda kwamfuta ke zaɓe

Lamarin kamar aiken yaron shago ne. Idan aka ce ya sayo sukari, aka kuma lissafa masa rumfunan da zai bi ɗaya bayan ɗaya, a rumfar farko da ya tarar da sukari zai saya ya juyo, ko da na rumfa ta uku ya fi kyau.

Wannan jerin rumfuna a kwamfuta sunansa PATH. Jerin foldoji ne da tagar umarni ke bi daga farko zuwa ƙarshe, kuma fayil na farko da ta samu mai sunan da aka rubuta shi take kunnawa. Idan foldar tsohon samfuri ce a gaba, shi zai ci gaba da amsawa, haka ma idan foldar sabon ba ta cikin jerin sam.

Matakin farko shi ne a gano wanda ke amsawa. Umarnin python --version yana nuna lambar samfurin. A Linux da macOS, which -a python3 yana jero duk inda aka samu sunan, kuma na sama shi ne ke aiki. A tagar Command Prompt ta Windows, where python ke yin wannan aiki.

Gyara a Windows

Manhajar girka Python ta shafin python.org tana da wani ɗan akwati na sanya yaren cikin PATH, wanda mutane da yawa ke tsallakewa cikin gaggawa. Wanda ya tsallake zai iya shiga sashen Environment Variables ya ƙara foldar da hannu, ya kuma matsar da ita sama. Idan rubuta python yana buɗe kantin Microsoft Store, sai a kashe maɓallan Python da ke ƙarƙashin App execution aliases.

Hanya mafi sauƙi ita ce umarnin py. Rubuta py --list yana nuna duk samfuran da ke kan na'urar, yayin da py -3.12 ke kiran 3.12 kai tsaye.

Gyara a macOS da Linux

Kamfanin Apple ya cire Python 2.7 daga macOS 12.3 a shekarar 2022, shi ya sa a sababbin na'urorinsa python3 ake rubutawa. Domin gabatar da wata folda, ana ƙara layi a fayil ɗin .zshrc, ko .bashrc a yawancin na'urorin Linux. Misali, mai amfani da Homebrew a sababbin kwamfutocin Mac zai rubuta export PATH="/opt/homebrew/bin:$PATH". Dole ne sabuwar foldar ta zo kafin $PATH, domin idan ta zo bayansa tsohon samfurin ne zai sake riga ta. Bayan gyaran sai a rufe tagar a buɗe sabuwa, saboda wadda ke buɗe tana riƙe da tsohon jerin.

A nan akwai buƙatar taka-tsantsan. A Ubuntu da makamantanta, wasu manhajojin tsarin na'urar sun dogara da python3 ɗin da ya zo da ita. Goge shi ko musanya shi na iya lalata hanyar sabunta manhajoji, garin neman gira a rasa ido. Abin da ya dace shi ne a bar shi a mazauninsa, a kira sabon da cikakken sunansa, kamar python3.12.

Kowane aiki da nasa muhalli

Ga ofishin da ke da manhajoji da dama, mafita mai ɗorewa ita ce a ware wa kowace nata muhalli. Umarnin python3.12 -m venv aiki yana ƙirƙirar folda mai suna aiki da ke ɗaure da wannan samfurin. Ana kunna ta da source aiki/bin/activate, a Windows kuma aiki\Scripts\activate, nan take foldar ta koma gaban PATH a wannan tagar kaɗai. Manhajar pyenv ma tana ba da damar ɗaure folda da samfuri guda ta umarnin pyenv local.

Wajen girka ƙarin kayan aiki, ya fi kyau a rubuta python -m pip install maimakon pip shi kaɗai, domin kada kayan su faɗa wa wani samfurin daban. Yana da kyau kuma a rubuta lambar samfurin da manhaja ke buƙata a wata takarda cikin foldarta, ta yadda duk wanda ya gaji kujerar bayan canjin wurin aiki zai san abin da zai kira.