A AUNA ƘARFIN WUTAR GIDA KAFIN A ƘARA MATA KAYA

Gidaje da yawa a unguwar Ajilari ta Maiduguri, kamar na sauran garuruwan ƙasar nan, an ja musu waya ne domin ƙwan fitila da fanka da rediyo. Yanzu kuwa zamani ya sake. Zafin watan Afrilu, wanda kan wuce digiri 40, ya sa magidanta suna sayen na'urar sanyaya ɗaki. Tun kuma da Gwamnatin Jihar Borno ta fito da motocin haya masu aiki da lantarki a 2023, wasu sun fara tunanin cajin mota ko keke a gida. Ya kamata jama'a su sani wayar gida tana da iyakar abin da za ta iya ɗauka. Ba a aza wa jaki kayan raƙumi.

YADDA AKE LISSAFI

Wutar da ke shiga gidajenmu bolt 230 ce. A jikin kowace na'ura an rubuta yawan wat ɗin da take ci. Idan aka raba wat da 230, sai a sami amfiya, wato nauyin da na'urar za ta aza wa waya. Ga misali:

Dutsen guga mai wat 1,000: amfiya 4.
Na'urar sanyaya ɗaki mai doki ɗaya da rabi: kimanin amfiya 6.
Tukunyar dafa ruwa mai wat 3,000: amfiya 13.
Cajar mota mai wat 7,000: amfiya 30.

Jimla amfiya 53 ke nan, ba a sa firji da injin jawo ruwa ba. Gidan da mitarsa ke ɗaukar amfiya 60 ya kusa kai maƙura. Soket na bango kuwa amfiya 13 ne iyakarsa. Haɗarin caja shi ne takan ja wuta sa'o'i da yawa ba hutawa, galibi da dare, jama'a na barci. Wayar da aka fi ƙarfinta sai ta yi zafi, robarta ta narke, gobara ta tashi.

ABIN DA YA WAJABA A YI

1. A duba adadin amfiya da aka rubuta a fuskar mita.
2. A kira ma'aikacin wuta mai takardar shaidar hukumar NEMSA ya binciki kaurin waya da wayar ƙasa.
3. A ja wa kowace babbar na'ura wayarta dabam, da makatsin wutarta.
4. Kada a maye fis da ƙusa ko guntun waya.
5. A sanar da kamfanin rarraba wuta kafin a ƙara babban kaya, domin taransifoma ta unguwa ce baki ɗaya. Mutanen Borno suna ƙarƙashin kamfanin Yola.

Wanda ya ji ƙaurin roba, ko ya ga soket ya yi baƙi, ya kashe wuta nan take.

RIGAKAFI YA FI MAGANI.